Saura Ku Kaɗai

Abu biyu ne ba zan taɓa mantawa da su ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran. Na farko shi ne darasin da na yi shekara talatin da 'yan kai ina biya wa ɗalibai a ajin labarin ƙasa: duk wata wayewa da ɗan Adam ya taɓa yi, a bakin ruwa ya yi ta. Misirawa suna da Nilu, mutanen Bagadaza suna da Dijla, mu kuma a unguwarmu, can cikin birnin Zariya in an wuce Limancin Kona, Allah ya ba mu kududdufi. Na biyu kuwa wata Asabar ce da hantsi, a zauren Mai Unguwa, ranar da aka sa ni na fassara abin kunyata zuwa Turanci da bakina, aka kuma gyara mini fassarar.

Bari in fara da kududdufin, tunda ya girme ni. Kakanninmu ne suka haƙa shi. Ƙasar da aka gina gidajen unguwar daga nan aka ɗebo ta, ramin da ya rage ya zama mazubar ruwan sama. Duk ruwan da ya sauko daga indararo ya bi lungu, can yake ƙarewa. Haka aka yi ta zama lafiya har zamaninmu, lokacin da muka gano cewa ramin da ya iya karɓar ruwa zai iya karɓar shara, da leda, da tsohuwar katifa, da duk abin da mutum ke jin kunyar a gani a ƙofar gidansa. Ya cika, ya toshe. Ruwa ya rasa wurin zuwa, sai ya koma kwana a gindin katangun maƙwabta. Wadda ya fi ƙauna ita ce katangar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, kuma ɗakinta da katangar a manne suke. Kowace damina sai gindin ya ƙara zaizayewa. Mun yi, mun yi ta koma wani ɗakin, ta ce a nan aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita.

"Kai da ka yi boko har ka gaji ka ajiye," ta ce da ni wata rana, "ba abin da aka koya muku a kan ruwa sai zana shi a allo?"

(Gwaggo ce kaɗai ta rage a duniya da take ce mini "yaron nan". Jikokina bakwai.)

Ana haka, wani tsohon abokin aiki ya sa sunana cikin waɗanda za su je wani taron bita a kudu, can bakin teku. Aka sa mu a kwalekwale aka kai mu inda kogi ke zubawa cikin teku, ruwan daɗi da na gishiri su gauraya. Na zana wannan wuri da alli ba adadi, na faɗar da yara a jarrabawa a kansa, amma ranar na fara ganinsa, ina riƙe da gefen kwalekwale da hannu biyu ina salati. Wata gidauniya ce take farfaɗo da wurin. Ana buɗe hanyoyin ruwan da suka toshe, ana sake dasa wasu itatuwa masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje kamar mai tattare riga. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka haɗa masunta, da malaman jami'a, da 'yan kasuwa, kowa ya kawo nasa. Mai kula da shirin, wata mata mai fara'a da ake kira Madam Grace, ita ta yi mana bayani. Da aka tashi na bi ta na tambaye ta ko gidauniyarsu tana duba ruwan da bai taɓa jin labarin teku ba. Ta ce akwai ɗan ƙaramin kaso na irin wannan, amma da sharaɗi: sai an sami abokan aiki uku daga gida, kowa ya sa hannu a takarda cewa zai ba da nasa kason, sannan su cika sauran. Kuma a gama kafin damina.

Na dawo Zariya da jaka mai tambari, da hular hana sallah mai tambari wadda ban taɓa sawa ba, da kuma tabbacin cewa ni ne mutumin da tarihi yake jira. Na kafa kwamiti. Mai Unguwa shugaba, ni sakatare (na tsaya takara ni kaɗai, na kuma yi nasara). Na rubuta takarda mai shafi arba'in wadda a cikinta kududdufinmu ya zama "dausayin birni mai daɗaɗɗen tarihi". Har taswira na zana, da launi.

Saura abokan aiki uku. Na same su cikin mako guda, kuma kowannensu yana so. Wannan ya kamata a rubuta mini a ɓangaren lada.

Na fara da Alhaji Garba mai shagunan kayan gini, ɗan unguwarmu, wanda muka yi firamare tare. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka kawo mini lemo.

"Malam, ka san ni, kuɗin ba komai ba ne. Amma in ni na fara, gobe a majalisa a ce Garba takara yake shirin fitowa. Wa da wa suka sa hannu?"

Daga nan na wuce harabar jami'a da ke Kongo, nan cikin Zariya, wurin Dakta Rakiya, wadda ke riƙe da cibiyar hidimar al'umma ta jami'ar. Ɗalibata ce a da. Na taɓa tsayar da ita a rana saboda ta ce ta yi aikin gida amma ta manto shi a gida, na kuma yi mata doguwar huɗuba a kan gaskiya wadda 'yan ajin suka daɗe suna kwaikwayo. Ta tashi tsaye ta gaishe ni, ta ba ni kujerarta.

"Malam, mu a shirye muke. Sai dai hukumarmu ba ta sakin kuɗi sai ta ga mutanen wurin sun sa nasu. Wa ya fara?"

Na uku shi ne Malam Yohanna, dattijo mai sanyin magana, shugaban wata ƙungiya a Wusasa da ke yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Ya ce sauron kududdufinmu sun san shi, shi ma ya san su.

"Amma mu baƙi ne a cikin ganuwa, Malam. Ba ma so mu shiga gaban masu gida. Manyan unguwa su fara, mu muna biye."

Sau uku ina zagaya wannan da'ira, birni zuwa Kongo, Kongo zuwa Wusasa, Wusasa zuwa birni, har masu keke napep suka fara rage mini kuɗi. Kowa na jiran kowa. Zafi ya tsananta, gizagizai suka fara leƙowa ta gabas, Gwaggo kuma ta daina yi mini ba'a, wanda ya fi ba'ar tayar mini da hankali.

A hanyar dawowa daga Wusasa dabarar ta zo mini. Na yi wa kaina bayani dalla-dalla kamar ina gaban aji. Alhaji zai bayar? Zai bayar. Dakta fa? Za ta bayar. Malam Yohanna? Haka. To in na ce da ɗaya sauran biyun sun bayar, ai ba ƙarya na yi ba, gaskiya ce ta ɗan riga lokacinta isowa. Na ji daɗin wannan jimla ƙwarai. Har na so a ce akwai wanda zan iya faɗa wa ya yaba.

Washegari na koma wa Alhaji. "Jami'a ta bayar, Wusasa ta bayar. Saura ku kaɗai." Ya gyara zama ya ce ai shi ba ya son a jira shi. Na je Kongo. "Saura ku kaɗai, Dakta." Na je Wusasa, na maimaita. Cikin kwana biyu abin da ya gagara wata biyu ya yiwu. Na sa rana ɗaya, na cike fom ɗin gidauniya, wurin da aka tambaya ko abokan aiki sun tabbatar na rubuta e har sau uku, na gayyaci Madam Grace ta zo ta shaida. Tsarina mai sauƙi ne: takarda uku, biro uku, a sa hannu lokaci guda, kowa na zaton sauran biyun na biki kawai suke yi. Har kujeru na tsara yadda ba wanda zai zauna kusa da wani balle hira ta ɓarke.

Sai batun zaure da hatimi, wanda ya kai ni wurin Mai Unguwa. Tsoho ne da ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni amma kunnensa yana jin abin da ake faɗa a lungu na uku.

"To Sakatare, mutanen nan naka sun yi wani abu kuwa, ko har yanzu baki ne?"

A lokacin harshena ya riga ya saba. "Ranka ya daɗe, duk sun bayar." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma malamin makaranta bai iya ba da amsa ba misali, sai na shiga kawo masa wa ya ba da me. Ya ce, "Madalla. Allah mun gode maka." Da yamma na biya na gaya wa Gwaggo ita ma, don ta samu ta yi barci.

Ga abin da na manta, ni da aka haifa a birnin nan, aka yanke mini cibiya a lungun nan. A wurinmu alheri ba ya kwana ba a yi godiyarsa ba. In wani ya rage wa ɗanka hanya a mota, gobe da safe kai uban za ka taka ka je. In an duba maka mara lafiya, sai ka bi gida gida. In kuwa alherin na unguwa ne gaba ɗaya, to babba ne zai yi godiyar, a gaban jama'a, ya ambaci mutum da sunan mahaifinsa, ya faɗi abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, a yi masa addu'a a shafa. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma a takardar tsarin taro abin da na rubuta shi ne: jawabin maraba daga Mai Unguwa, minti uku.

Ranar Asabar zaure ya cika. Liman ya zo, dattawa sun zo, Madam Grace ta zo da kwamfutarta da mayafin da ta saya musamman. Da na shiga na ga kwano uku rufe da faifai, ɗaya a gaban kowane baƙo. Na tambaya, aka ce alkaki ne, Gwaggo ta kwana biyu tana yi da maƙwabtanta, na godiya. A nan ne wani tunani ya ɗan ɗaga kai a raina. Na ce masa ya kwanta, minti uku ne.

Aka buɗe da addu'a. Mai Unguwa ya gyara rawani.

"Sakatare ya ba ni minti uku. Allah ya shirye shi. Ni dai ba da agogo aka haife ni ba." Aka yi dariya, har da ni. "Alhaji Garba, ɗan Malam Idi. Na san mahaifinka, mutum ne da hannunsa bai iya rufewa ba, ashe ka gado shi. Sakatare ya gaya mini tun wancan mako ka biya kuɗin lebura da na tifa, ka kuma ce kada a gaya wa kowa."

(Wannan na ƙarshen ƙari ne daga wurina. Na sa shi ne don labarin ya yi armashi.)

"To ni na gaya. Liman, a yi masa addu'a."

Liman bai taɓa yin gajeriyar addu'a ba, kuma ranar ma bai fara ba. Ya roƙa wa Alhaji, ya roƙa wa iyayensa da ke ƙasa, ya bi shagunansa, ya gangaro kan zuriya har waɗanda ba a haifa ba. Muka shafa. Kowa ya sauke hannu ban da Alhaji, wanda ya bar nasa a fuska. Ta tsakanin yatsunsa na ga ido ɗaya yana kallona.

Na yunƙura da biro uku a hannu. "Ranka ya daɗe, sai mu wuce ga batun sa hannu..."

"Zauna, Sakatare, ban gama ba. Sai 'yarmu Dakta, wadda ta sa jami'a ta fitar da kuɗi tun kafin a je roƙo sau biyu."

Dakta Rakiya ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni da katse babba. Kafin Liman ya ɗaga hannu, kada in karɓi addu'ar da ba tawa ba. Mu ba mu ba da ko sisi ba tukuna. Yau muka zo bayarwa, tunda Malam ya ce Alhaji da mutanen Wusasa sun gama nasu, saura mu kaɗai."

Malam Yohanna ya yi gyaran murya a hankali. "Ikon Allah. Ni ma abin da aka ce da ni ke nan."

Alhaji ya sauke hannu daga fuska, ya ture hula gaba, ya sosa ƙeya. "To ni ma dai, ranka ya daɗe, ni kaɗai na rage."

Na ɗaga kai ina nazarin rufin zauren kamar an aiko ni in ƙiyasta shekarun azararsa. Zan iya gaya wa mai karatu cewa akwai gidan zanzaro biyu a kusurwar arewa.

"Mutum uku," in ji Mai Unguwa, "kowa shi kaɗai. Sakatare, wannan lissafin zamani ne?"

Madam Grace, baiwar Allah, tana ta murmushi tana duban fuskoki, don a zatonta wani sashe ne na al'ada. Ta matso ta tambaye ni me ake ciki. Tsohon ya ji.

"Baƙuwa ta taho daga nesa, ba ta jin Hausa. Kai ne tafinta. Gaya mata."

Na miƙe. Na ce mata da Turanci, cikin muryar da nake sanar da hutun ƙarshen zango, abokan aiki suna ɗan tattaunawa ne a kan wanda zai fara sa hannu.

"Malam," in ji Dakta, kanta a ƙasa, da ladabin da ya fi mari zafi, "a yi haƙuri, ba haka aka ce ba."

Na sake. Na ce an ɗan sami rashin fahimta tsakanin ɓangarori.

"Fahimta kam mun fahimta, Malam," in ji Malam Yohanna.

"Me ya ce mata?" Mai Unguwa ya tambaya. Aka mayar masa da Hausa. Ya girgiza kai. "A'a. Faɗa mata yadda aka yi. Dakta, ki riƙa bin sa."

Haka na tsaya a gaban dattawan da suka san ni tun ina yawo ba wando, na faɗa wa baƙuwa cewa ni ne na je wurin mutum uku, na ce wa kowanne sauran sun bayar, alhali ba wanda ya bayar, na kuma rubuta haka a fom ɗinta. Ina faɗa, ɗalibata tana gyaɗa kai a ƙarshen kowace jimla, alamar ta wuce. Ban taɓa jin Turancina ya fita tsaf irin na ranar ba. Madam ta rufe kwamfutarta a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri.

Sai ga murya daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, inda mata suka taru suna saurare.

"Me yaron nan ya yi?"

Wata ta yi mata bayani ƙasa-ƙasa.

"To. Alkakin dai a ci, shi ba ruwansa. Amma a dawo mini da kwanukana."

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ƙwace. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Mai Unguwa ya bari aka lafa, sannan ya juyo inda yake jin numfashina.

"Sakatare, leƙa waje ka duba mana ko hadari ya taso."

Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu. Na tsaya a ƙofar zaure, da babbar riga da biro uku, ina kallonta da gaske, don masu wucewa su ɗauka aiki nake yi. Wajen kwata na awa aka kira ni. Na tarar an gama komai.

Daga baya na ji yadda aka yi. Alhaji ne ya ce an riga an shafa masa fatiha a bainar jama'a, har da iyayensa aka haɗa, kuma bai san yadda ake mayar da fatiha ba, don haka lebura da tifa suna wuyansa. Dakta ta ce tunda ɗan unguwa ya fara, hukumarta ba ta da sauran magana. Malam Yohanna ya ce masu gida sun shiga, baƙi na biye. Ba wanda ya taɓa takarduna. Madam kuwa ta ja ni gefe ta ce mini, cikin tausayi, gidauniyarsu ba za ta iya ba da kuɗi a kan fom ɗin da aka rubuta abin da bai faru ba. Ta tafi da kwanon alkaki ɗaya, wanda Dakta ta ba ta, sai da na bi ta har tasha na karɓo kwanon.

Kuɗin gidauniya ya tafi, shafi arba'in ya tafi da shi, har da kujerun hutawa da na zana a bakin ruwa. Abin da aka yi shi ne abin da kakanninmu za su gane: lebura da shebur da baro, tunda katafila ba ta shiga lungunmu. Mutanen Dakta suka auna inda ruwa zai bi, ƙungiyar Malam Yohanna ta kawo bututu ta yi feshi. Kwana goma sha ɗaya aka yashe kududdufin. Ruwan farko da ya sauka ya bi lungu ya wuce katangar Gwaggo ko kallonta bai yi ba.

Ni kuma Mai Unguwa ya sa ni gaba muka bi mutum ukun gida gida, shi yana godiya, ni ina ba da haƙuri. Har yau in na makara a masallaci, ko aka sa kwano ban matso ba, sai wani ya ce, "Malam, bismilla, saura ku kaɗai." Ina amsawa da murmushi irin na wanda ya san ya ci bashin abin.

Darasin da na koya, in har akwai mai son ya rubuta, shi ne mutanen kirki uku ba sakatare suke nema ba, wanda zai fara suke nema. Na biyu kuma, wanda ya fi amfani ga masu irin halina: duk wanda zai ƙaga wa mutane alherin da ba su yi ba, ya nemi garin da ba a zuwa godiya.

Katangar Gwaggo ta faɗi a tsakiyar Agusta, da rana tsaka, ita tana gidan suna. Magini ya zo ya tona gindin, ya ce a bushe yake ƙamas. Gara ce.